SUN ZAGA DUNIYA BA SU WUCE ZAURE BA

Kowace mace tana da abin da take ɓoyewa a ƙasan akwati ko cikin kwallar can ƙarshen jere, abin da ko ɓarawo ya gani ba zai ɗauka ba, amma ita in ya ɓata sai ta kwana ba ta runtsa ba. Wata zanen lefenta ne, wata awarwaron kakarta, wata kuwa wasiƙar da aka rubuto mata tun tana budurwa. To ni nawa katuna ne. Ba katin biki nake nufi ba, katin nan mai hoto a gaba, bayansa kuma an raba shi biyu, gefe guda na saƙo, gefe guda na adireshi da kan sarki, wanda ake jefawa a gidan waya haka nan ba ambulan. Suna da yawa, kuma kusan dukkansu hoton mota ne, ko hanya, ko gada, ko tasha. Gadonsu na yi daga mata biyu, kishiyoyin juna, a nan Tudun Wadan Zariya, kuma labarinsu nake so in ba ku domin na san akwai mai amfana.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, direban gingimari ne, Marsandin nan 911 mai bodin katako. Yakan yi lodin shanu ko wake ko albasa ya nufi Kurmi, ya dawo da goro ko gishiri ko siminti. Hanyarsa kuwa tun ina 'yar ƙarama na haddace ta kamar karatun allo, saboda yawan jin ta a bakin iyayenmu mata: Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, sannan Legas. In ya tafi sai ya yi mako biyu ko uku, domin ba tafiyar ce kaɗai ba, akwai jiran lodi, akwai lalacewar mota a daji. Babu waya a hannun kowa. Matar direba a lokacin ba ta da labarin mijinta sai in wani direban ya dawo ya aiko yaro ya ce an gan shi a wuri kaza yana lafiya.

Uwargidansa, wadda duk muke kira Inna, ita ya fara kawo wa kati. Ta ce a wani kantin littattafai a Legas ya ga Turawa suna saye, ya ɗauki ɗaya mai hoton gadar Carter, wadda ta haɗa Iddo da tsibirin Legas, ga motoci sun jeru a kanta kamar jerin gwano. Ya ce mata, “Kullum kina tambaya ta yadda Ikko take, to ga ta nan.” Inna an yi mata aure tana ƙarama, tana cikin kulle, iyakar tafiyarta gidan suna ko gaisuwar mutuwa, shi ma sai bayan magariba. Ta ce ranar nan har tuwo ya kusa kamawa tana zaune tana ƙirga motocin da ke kan gadar.

Daga nan abin ya zame masa al'ada. Duk garin da ya sauka ya ga kati sai ya saya. Wani ya riƙo a aljihu cikin tsaraba, wani ya rubuta ya jefa a gidan waya. Kin san kati ba shi da sirri, duk hannun da ya bi sai an karanta, ga kuma kunya irin ta mutanen da. Saboda haka bai taɓa rubuta sunan matarsa ba. Sunan ƙaninsa yake sawa, ta akwatin gidan waya na makarantar da wani maƙwabcinmu yake koyarwa. Rubutunsa irin na 'yan yaƙi da jahilci ne, manyan baƙaƙe suna hawa suna sauka, saƙon kuma kusan kullum ɗaya ne: “Mun sauka lafiya. A gaida mutanen gida.” Abin dariyar ma, sau da yawa shi zai riga katin isowa, yana zaune a tsakar gida yana cin tuwo yaro zai shigo da takardar da ke cewa ya sauka Badun lafiya.

Ana nan ana nan sai ya ƙaro aure, ya auro mahaifiyata, wadda muke kira Umma. To ke ma kin san yadda gida yake zama in amarya ta shigo. Ba faɗa, ba zagi, amma gaisuwa ce kawai ta safe, kowa ta ja labulenta. Shi kuma Baba don gudun magana sai ya koma sayen kati biyu iri ɗaya sak, ɗaya na ɗakin nan ɗaya na ɗakin can, yadda yake raba atamfa da sabulu.

Inna ajami ta iya, boko kuwa ko wasali. A bayan kowane kati akwai ɗan layi da Turanci mai faɗin sunan wurin, da can sai ta jira ɗan makaranta ya dawo ya karanta mata. Umma kuwa ta gama firamare. Wata rana maigidan ya sauke tsaraba ya fita, gida ba yaro ko ɗaya, Inna ta juya katinta ta juya, abin ya ci ranta. Can dai ta ɗaga murya ta ce, “Amarya, zo ki duba mini nan, wane gari ne wannan?”

Umma ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa ta karɓa, ta ce, “Yaya, Jebba ce. Gadar da ke kan kogin Kwara.”

Inna ta ce, “Af, ashe nan ce yake cewa in an haye an shiga ƙasar Yarabawa. Shigo mana ki zauna, kin tsaya a ƙofa kamar baƙuwa.”

Umma ta ce mini ranar ce ta fara zama a bakin gadon Inna. Inna ta jawo kwalla ta zazzage katunanta na shekara da shekaru, ita tana ba da labarin da ta ji a bakin maigidan, Umma tana karanta sunayen, har la'asar ta yi ba su sani ba. Ba zan ce muku daga ranar kishi ya mutu ba, wannan ƙarya ce, kishi kumallon mata ne. Sun yi saɓani irin na zaman tare, a kan girki, a kan yara. Amma sun sami abu guda da kowacce take bukatar 'yar uwarta a kansa, ɗaya tana da labari ɗaya tana da karatu.

Inna ce ta kawo shawarar musaya. Ta ce, “Amarya, me za mu yi da abu biyu iri ɗaya a gida ɗaya? Mu aje guda, gudan mu nemi wanda ba mu da shi.” Ashe ba su kaɗai ba ne a garin. Zariya mahaɗar hanyoyi ce, ga ta Kano, ga ta Kaduna, ga ta Funtuwa zuwa Sakkwato, ga ta Jos, ga kuma jirgin ƙasa da ya ratsa garin tun da aka ja layin dogo zuwa Kano a 1911. Gari irin wannan ba ya rasa matan matafiya. Akwai matar wani ma'aikacin reluwe a Sabon Gari. Akwai matar soja a barikin Basawa wadda mijinta yana cikin sojojin Nijeriya da aka kai Labanon aikin kiyaye zaman lafiya daga 1978, ita ce ta ba su katin Beirut mai motoci a bakin teku. Akwai matar wani malami a Kongo da mijinta ya yi karatu a Ingila, da wata 'yar Maraɗi da aure ya kawo Gyallesu. Har da wani saurayi ɗan maƙwabta mai rubuta wa gidajen rediyon ƙasashen waje wasiƙa, su kuma suna aiko masa da kati da kalanda. Yara 'yan talla su ne masinjoji, a naɗe kati a cikin ɗankwali a sa a ƙasan farantin ƙuli-ƙuli, ya tafi ya dawo da wani.

Kuma musayar tana da dokokinta, kada ki ɗauka wasan yara ne. Katin da aka yi rubutu a bayansa ba ya fita daga gida, domin rubutun miji ba abin ba wata ba ne. Katin da ya karye ko mai ya taɓa, sai an haɗa biyu a karɓi ɗaya. Mai mota da gada ya fi mai gini zalla daraja, domin Inna cewa take gini a zaune yake kamar mu, mota ce mai zuwa wani wuri. Katin Makka da Madina kuwa ba a musayarsa, kyauta ake bayarwa, wanda aka ba kuma ya yi addu'ar Allah ya kai mai bayarwa.

Abin da waɗannan bayin Allah suka koya daga katunan nan, wallahi wata mai sakandare ba ta san shi ba. Inna tana kallon katin Nijeriya za ta ce miki tsoho ne ko sabo, ta hanyar duba gefen da motoci suke bi. Da can ta hagu ake tuƙi irin na Ingila, sai ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka koma hannun dama don a dace da maƙwabta irin su Nijar da Kamaru. Ta ce makon nan ba ta yi barcin kirki ba don tunanin kada maigidan ya manta a kan kwana. In kuma an manna kan sarki, sai Umma ta duba kuɗin, in da sule da kwabon da ne to kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. In suka ga titi ya cika da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, sai su ce wannan bayan an buɗe kamfanin haɗa ta ne a Kakuri ta Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Daga katin matar malamin Kongo suka san bas ɗin Landan ja ce mai bene, kuma su can ta hagu suke bi. Daga na 'yar Maraɗi suka ga motar sahara ta wajen Agadas, an yi mata lodi har ba a ganin bodinta, mutane a sama, jarkokin ruwa na reto a gefe. Ita ce kuma ta ba su katin tseren motocin nan da aka fara a ƙarshen 1978 daga Paris zuwa Dakar, wanda ya sha ratsawa ta Agadas, kafin a ɗauke shi daga Afirka a kai Kudancin Amurka a 2009, daga baya kuma Saudiyya a 2020. Inna ta daɗe tana mamakin mutumin da zai bar gidansa lafiya lau ya zo yana gudu a rairayi ba fasinja ba kaya.

Da na girma na shiga rubuce-rubuce sai na bi asalin abin. A ƙasar Ostiriya aka fara fitar da katin gidan waya a 1869, kuma na farkon ko hoto babu, an yi shi ne don saƙo gajere mai araha. Hoto daga baya ya shigo. Zamanin mulkin Turawa an buga katuna masu hoton ƙasarmu, ganuwa da ƙofar gari da raƙuma da dalar gyaɗa ta Kano, suna aika wa danginsu su ga inda suke aiki. Wato mu ne abin kallo, su ne 'yan kallo. Shi ya sa in na tuna Inna da Umma a bakin gado suna duba titin Landan suna cewa wannan motar ta yi kyau waccan ba ta yi ba, sai in ji daɗi a raina, in ce to ga ranar da reshe ya juye da mujiya.

Ina aji huɗu a firamare aka aiko cewa motar Baba ta faɗi a hanyar dawowa. Yaron motarsa ya tsira da karaya, shi kuwa kwana ya ƙare. Bayan kwana tara da rasuwar sai ga maƙwabcin nan malamin makaranta ya yi sallama, ya miƙo kati hannunsa yana rawa. Mun sauka lafiya, a gaida mutanen gida. Inna ta karɓa ta miƙa wa Umma, Umma ta kasa karantawa. Ke dai bari, 'yar uwa, akwai ranar da ba a son tunawa.

Da suka fita takaba, wata huɗu da kwana goma, babban yayanmu ya zo ya ce zai tafi da Inna Gusau inda yake aiki. Aka raba gado, kowa ya san nasa, amma ba wanda ya ko kalli kwallar katuna, a wurin maza tarkace ne. Su kuwa abin ya tsaya musu, domin tun da suka haɗa suka yi musaya babu sauran nawa da naki. Inna ta ce, “Amarya, ba za a raba ba. Ki riƙe rabi in tafi da rabi aro. In Sallah ta zo ki aiko mini da na wurinki in aiko miki da na wurina.” Haka kuwa aka yi shekara da shekaru. Yaron motar Baba da ya warke ya koma jan Fijo ta haya tsakanin Zariya da Gusau, ni ake aika in kai masa ƙunshin a Kwangila, in karɓo wanda ya zo da shi, wani lokacin har da daddawa da kuka. Da wayar hannu ta shigo a 2001, daga baya ta kai hannun kowa, sai yara suka ce to yanzu ai an huta da aike. Inna ta ce a'a, murya iska ce, kana ajiye waya ta tafi, ita tana son abin da hannun 'yar uwarta ya taɓa.

Da Inna ta rasu muka je gaisuwa, sai matar yayanmu ta fito da ƙunshi ta ce wasiyya ce a ba Amarya. A saman ƙunshin katin gadar Jebba ne, a bayansa Inna ta yi rubutu da ajami da tawadar allo: “Amarya, mun zauna lafiya. A yafi juna.” Umma ta riƙe shi har ƙarshen ranta, sannan duka suka dawo hannuna.

To bayan iyaye sun kau sai zumunci ya fara sanyi, kin san halin 'yan ubanci. Magana ta taso a kan gidanmu na Tudun Wada, wasu a sayar wasu a bari, har ta kai ɗakinmu da ɗakin Inna ba mai kiran wani. Ana cikin haka wani mai sayen kayan da, irin masu bi gida-gida suna neman tsohuwar tasa da kuɗin da, ya ji labarin katunan ya aiko da tayi mai tsoka, a lokacin kuwa ina neman kuɗin buga littafi ido rufe. Na ce a gaya masa ba nawa ba ne ni kaɗai, na gida biyu ne.

Da bikin 'yar yayanmu ya tashi sai na ɗauki ƙunshin na tafi da shi Gusau, ko da yake katin gayyatar ma ta hannun wani ya same ni. Bayan an watse da dare na yi sallama na durƙusa na ce, “Yaya, ga kayan su Inna na kawo ka gani.” Ya karɓa fuska ba yabo ba fallasa, yana juyawa ɗaya bayan ɗaya, can sai na ga ya tsaya cak. Ashe bayan ƙanin Baba ya bar gari, sunan Yaya ya koma sawa a adireshi, lokacin yana sakandare. Shi kuwa ɗan fari ne, tun da aka haife shi Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai “kai” ko “yaron nan”. Amma gidan waya bai san alkunya ba, dole a rubuta suna. Ga shi nan ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙen nan masu hawa da sauka, kati bayan kati. A lokacin yana yaro karɓa kawai yake ya kai cikin gida, bai taɓa lura ba. Dattijo mai furfura ya sunkuyar da kai, sai da ya daɗe sannan ya ce, “Ashe ya iya sunana.” Ba a gama maganar gida a daren ba, ta ɗauki lokaci, amma da safe shi da kansa ya kai ni tasha, kuma tun daga ranar ba a yi Juma'a bai kira ni ba. Gidan ma yana nan, ƙaninmu ne a ciki.

Yanzu zamani ya sauya, hoto ya zama kamar ƙasa. Maigida yana Legas zai turo miki hoton gada kafin ya gama haye ta. Ban raina wannan ba, matar direba ta yau ta fi ta jiya kwanciyar hankali, balle da aka yi shekarun da hanyar Birnin Gwari, inda Baba kan shimfiɗa tabarma ya kwana a gindin mota, ta zama abin tsoro da rana tsaka saboda 'yan bindiga. Amma ki tambayi kanki, hotunan da ke wayarki shekara biyar da suka wuce suna ina? Wayar ta faɗa ruwa, ko an sace, ko ta cika an goge. Kuma ko suna nan, babu hannun kowa a jikinsu.

Saboda haka shawarata gare ku ƙannena 'yan mata da ku matan aure, ba sai kin nemi kati ba, domin yanzu samunsa sai an sha wuya. Ki wanke hoto ko guda biyar ne a shekara, ki juya bayansa ki rubuta wuri da shekara da sunan waɗanda ke ciki. In maigida matafiyi ne ki roƙe shi ya rubuto miki ko layi biyu ne da hannunsa, ki adana. Tsofaffin takardun iyayenku kada ku bari a ƙunsa ƙosai da su kafin ku duba. Wadda kuma take zaune da abokiyar zama, ta duba da kyau, da wuya a rasa abu guda da ke kin iya ita ba ta iya ba, ita ma ta iya wani ke ba ki iya ba. Daga nan ake farawa.

Ni dai na ɗaukar wa kaina al'ada, duk 'yar da za a kai ɗaki a zuriyarmu, ta ɗakin Inna ko ta ɗakin Umma, nakan zaɓi kati guda cikin marasa rubutu in sa mata a ƙasan akwati, in rubuta sunayen kakanninta biyu a baya. Masu rubutun Baba kuwa muna nan muna aronsu tsakanina da Yaya, Sallah zuwa Sallah.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye matafiya a duk inda suke, ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.